Shekarar da Aka Auna Ruwan Makewayin Lakwal

Mijina manomin albasa ne. Garkarsa, wato lambunsa, tana cikin fadamar da ke ƙasan garinmu, a kwarin Majiya, tsakanin Buza da Madawa, inda ƙasa ke riƙe laima har bayan gero ya shiga rumbu. Ni kuwa malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara, daga baya aka ba ni riƙon lakwal ɗin garin gaba ɗaya.

In lokacin albasa ya zo, gidanmu wari yake yi. Ba warin albasar ba, warin maganin ƙwari. Da shi yake dawowa a riga, a gemu, a gashin hannu, wani wari kamar an haɗa kananzir da tafarnuwa. Ranar da ya yi feshi ba ya cin tuwon kirki. Sai ya ce kansa na sara, a kawo masa nono ya sha, don mutanenmu sun yarda nono na kashe dafi, ya kwanta. Washegari ya tashi garau ya koma. Duk mazan garin haka suke. Ƙwarin da ke shan ganyen albasa ƙanana ne, da ƙyar ido ke kama su, amma in aka ƙyale su ganye ya yi fari ya bushe, wahalar shekara ta tafi a banza. Magani kuwa ga shi nan a kasuwa, wani a kwalba mai rubutu, wani an ɗura shi a robar ruwa ba rubutu ba komai.

Ciwonsa a hankali ya zo. Hannu ne ya fara rawa, har shayi ya riƙa zuba masa a gwiwa, yana dariya yana cewa tsufa ne ya yi sallama. Sai gumi ba dalili. Sai ƙafafu suka kumbura. Muka je likita a Madawa, aka tura mu Tawa. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Sun ce ƙoda ce ta gaji. Da na tambayi abin da ya gajiyar da ita, likitan ya lissafa mini abubuwa da yawa da ke iya jawo haka, ya ce ba zai iya nuna ɗaya ya ce shi ne ba. Mijina ya rasu da bazara, albasarsa na cikin rumfa ba a ko sayar ba.

Na fita takaba na koma aiki. Ana gab da buɗe lakwal bayan damina, sai ga ɗiyar wana ta zo daga Yamai. Yarinyar a hannuna ta tashi, a ajina ta koyi baƙi, daga nan ta yi nisa da karatu har ta zama mai aikin awo a labo, ɗakin gwaje-gwaje. Ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya karo na biyu, muka ci abinci, sannan ta ce akwai abin da ya kawo ta.

"Goggo, kin san duk abin da ya shiga jikin mutum, jiki na ƙoƙarin hidda shi. Maganin heshi in ya shiga ta hwata, ko ta numfashi, ko ta abinci, jiki shi farfasa shi, sauran shi hita cikin hitsari. A manyan birane, inda ruwan ƙazantar gari duka ke bin bututu guda, ɗiba kawai ake yi a auna. Sai a san abin da ke shiga jikin mutanen garin, ba a soki kowa da allura ba, ba a tambayi sunan kowa ba."

Na ce, "Mu ina munka ga bututu? Kowa da ramin gidansa."

"Shi ya sa na zo gare ki. Ina neman wurin da jama'a da yawa ke kewayawa. Masallacin Juma'a, kasuwa, da lakwal."

Na daɗe ina kallonta. Yarinyar da na yi wa kitso a tsakar gidan nan, yau ta zo neman fitsarin mutanen gari. Dariya ta so kama ni, amma ba ta fito ba, don a take wata tambaya ta faɗo mini a rai. Ban yi mata ita ba. Na riƙe ta a ciki, na ce sai mun ga mai gari.

A zauren mai gari aka zauna, dattawa a kan buzu da tabarmi, mu biyu a bakin ƙofa. Ta yi bayani a natse, da Hausarmu, ba ta sa Faransanci ko kaɗan ba. Da ta gama, wan mijina ya gyara murya. Shi ne babba a gidansu. Gidan nan kuwa, a zamanin kakanni, su ake jira su fara zuba iri kafin kowa ya taɓa gona, su ne masu yanka a gindin dutse. An daɗe da barin wannan, shi kansa a sahun gaba yake salla, amma har yau in ya yi magana kan abin da ya shafi ƙasa ko jikin mutum, ba a katse shi.

Ya ce, "Ɗiyar nan tamu ce, ba mu ƙi ta ba. Amma abin da ya hita jikin mutum nashi ne. Gashi, ƙumba, bawali, ba a miƙa wa baƙo. Ita mun san ta. Wanda za ta kai mawa, wa ya san shi?"

Wani ya ɗora da cewa in labari ya bazu cewa akwai dafi a garin nan, masu kamiyo, manyan motocin da ke zuwa ɗaukar albasa, za su wuce mu su tafi gaba. Nan zauren ya ɗauki gunaguni. Na gane wannan tsoron ya fi na farkon nauyi, ko da yake na farkon aka fi faɗa. Ban ga laifinsu ba. Albasar nan ita ce suturarsu, ita ce hatsin da ake cikawa in na rumbu ya ƙare.

Mai gari ya yanke: masallaci a'a, kasuwa a'a. Lakwal kuwa, ya ce, yara na iyayensu ne, a je a tambaye su.

Iyaye maza ba su zo ba. Mata ne suka cika inuwar bishiyar da ke tsakar lakwal, wasu da goyo, wasu da ƙwaryar tsintar wake a cinya. Suka saurara. Kowa na jiran wata ta fara. Can wata mata da ke zaune a baya, wadda ƴarta ke aji na biyu, ta ce, "Ni dai duk sanyi ɗiyata sai ta yi ta amai, idonta shi yi ja. In na kai ta dispansar a ce ba zazzaɓi ba ne. In ruwan nan zai hwaɗi wani abu, a ɗiba."

Daga nan bakuna suka buɗe. Wannan ta ce nata ciwon kai, waccan ta ce ƙaiƙayi. Suka yarda, amma da sharaɗi biyu: kada a kira sunan ɗan kowa, kuma duk abin da aka gani, a dawo nan a faɗa musu ido da ido, kada su ji shi a rediyo. Ɗiyar wana ta ɗauki alkawari.

Makewayin lakwal ɗinmu yana da wurin fitsari daban, an yi masa daɓen siminti mai gangara, ruwan na bin ƴar rariya ya fita bayan katanga ya faɗa rami. A bakin rariyar nan ta kafa bokiti mai murfi tun da safe, kafin yara su iso. In an tashi, mu zagaya baya ni da ita. Ta ba ni safar hannu ta roba, na riƙe mazurari, ita tana ɗurawa a ƙananan kwalabe, ta jera su cikin glasiya, akwatin sanyin da ta cika da ƙanƙarar da aka sayo daga Buza. Ta ɗebi ruwan rijiyar gari ma, da na famfon lakwal. Daga nan sai babur ya kai ta bakin titi, ta kama mota, don a cewarta in ruwan ya ɗumama abin da ake nema sai ya lalace.

Yara ba a ɓoye musu komai. Kafin mako ya zagayo sun laƙaba mata suna, in ta ɓullo sai ka ji ana raɗa, "Ga madam bokiti nan." Wasu ƴan mata suka daina shiga makewayin don kunya, sai da na bi aji aji na ce musu ba wanda zai iya gane na wane daga na wance, duk ya gauraye. Ranar farko da na durƙusa a bayan katangar nan, cikin zarni, da zanen aikina, na ji nauyi ƙwarai. Wani dattijo ya wuce a kan jaki, ya dube ni ya kau da kai bai gaishe ni ba. Daga baya na saba.

Ta ɗiba a farkon buɗe lakwal, tun ba a dasa albasa ba. Ta dawo a tsakiyar sanyi, lokacin da in ka tsaya a bakin tudu da safe za ka hango maza a warwatse cikin fadama, kowa da pompin feshi a baya, hannu na sama na ƙasa. Ta sake dawowa da bazara, bayan an cire albasa. Daga nan shiru. Watanni suka wuce. Mata in sun gamu da ni a bakin rijiya sai su ce, "Madam, ruwan namu fa?" In ce ana aiki. Wasu suka fara cewa dama sun sani, ƴan birni haka suke, su ɗauka su tafi. In na kira ta a waya, sai ta ce wasu kwalaben sai da aka aika da su wani labo mai nisa, in ƙara haƙuri.

Sai da aka yi girbi aka sake buɗe lakwal sannan ta zo. Muka sa taro a babban aji. Wannan karon maza ma sun zo. Manyan mutane suka matsu a kan ƴan kujerun yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Wan mijina bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dogara da sandarsa.

Ba ta kawo musu lissafi ba. Ta ɗauki alli ta zana kofuna a allo, ɗaya na kaka, ɗaya na sanyi, ɗaya na bazara. Na kaka ta shafa masa alli kaɗan a gindi. Na sanyi ta yi ta shafawa, ta yi ta shafawa, ajin ya yi tsit sai ƙarar alli. Na bazara ta tsaya a ƙasa da rabi.

Ta ce, "Wannan shi ne sauran maganin heshi da munka samu cikin ruwan yaranku. Akwai shi tun kahin a hwara heshi, amma kaɗan. Da sanyi ya hau ƙwarai. Da bazara ya sauka, amma bai ƙare ba."

Wani ya ce to ai rijiya ce, an zuba mata wani abu. Ta ce a'a, ruwan rijiya da na famfo sun fito lafiya, wannan abin godiya ne. Ta ce yaran nan ba sa feshi, don haka ta wata hanya yake iso su, kuma ita ba za ta iya rantsewa kan hanya guda ba, su ne suka san gidajensu. Ta fara tambaya. Ina ake ajiye pompi da ragowar magani? Aka ce a ɗaka, ƙarƙashin gado, don kada a sace. Rigar feshi wa ke wanke ta, a wane kwano? Mata suka dubi juna. Kwano ɗaya ne, da kayan yara ake haɗawa. Jarkar magani in ta ƙare fa? Ana ɗauraye ta a zuba mai ko ruwan sha. Wa ke kai fura garka ranar feshi? Yara. Tumatir da salatin da ke gefen albasa, ana jira kafin a tsinka?

Sai na ji sanda ta bugi ƙasa. Wan mijina ne.

"Ke ɗiya. Ina da tambaya guda."

"Ina jin ka, Baba."

"Ƙanena. Maganin nan ne ya kashe shi?"

Tambayar da na riƙe shekara guda ke nan, ga ta ta fito daga bakin mutumin da ya fi kowa ƙin aikin. Na kama gefen tebur. Duk ajin suka juyo, ba shi suke kallo ba, ni suke kallo.

Ta ajiye allin. Ta ce, "Baba, ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Wallahi ban sani ba. Awon nan ba ya gane mutum guda. Abin da ke shiga jikin jama'a yake nunawa. Maganin na iya taɓa ƙoda, na iya sa rawar hannu, wannan sananne ne. Amma in na ce maka shi ne ya kashe shi, na yi maka ƙarya. In na ce ba shi ba ne, nan ma na yi ƙarya."

Ya ce, "To mi ne amfanin wahalar da kunka yi?"

Ba ita ta amsa ba. Matar nan da ta fara magana bara a inuwar bishiya ce ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Baba, jikokinka ma nan suke kewayawa."

Wan mijina ya juya ya fita, muna jin sandarsa har ya bar harabar.

Ban san yadda aka ƙare taron ba. Na dai ga kaina a gida, na shiga ɗaki na zauna a ƙasa. Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawarsa, kukan da ban yi ba duk tsawon takaba, shi ya zo mini a wannan la'asar. Ashe duk durƙuson da nake yi a bayan katanga, a raina amsa nake jira, ko wace iri ce, in samu abin da zan ɗora wa mutuwar nan in huta. Da ɗiyar wana ta shigo, na juya mata baya. Na ce mata, "Ko don ni ai sai ki ce e." Ta ce, "Goggo, ke kinka koya mini kada in rubuta abin da ban sani ba." Ta fita ta hura wuta, ta dama kunu ta kawo, ta zauna kusa da ni har aka kira magariba.

Abin da ya biyo baya ba mai yawa ba ne, amma ya faru. Mata ne suka fara. Kusan kowane gida aka ware tsohon kwano na rigar feshi, wasu suka ce ma ba za ta ƙara shigo musu gida ba, a wanke ta can garka nesa da rijiya. Suka riƙa huda jarkunan da wuƙa mai zafi don kada wani ya yi sha'awarsu. An yi faɗa a gidaje a kan haka, don jarka abu ce mai amfani. A lakwal na kafa doka da yardar iyaye: ranar da uba ke feshi, yaro ba ya kai abinci garka. Malamin gona ya zo daga Buza ya nuna yadda ake jiƙa ƴaƴan dogon yaro a fesa ruwan. Wasu sun gwada, suka ce yana korar wasu ƙwarin, wasu kuma ko a jikinsu. Feshi dai ba a daina ba, ba kuma za a daina ba muddin ƙwari na nan. Wasu mazan suna rufe hanci da rawani, suna duba inda iska ke kaɗawa. Wasu suna musu dariya. Masu kamiyo kuwa sun zo kamar kullum, ba wanda ya tambayi komai.

Wan mijina ya yi watanni ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na ji dai an ce ya sa an gina ƴar bukka a garkarsa, mai ƙofa da kwaɗo, ya kwashe pompi da kwalabe daga gida ya kai can. Bai faɗa wa kowa dalili ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Wata safiya ina cikin aji ina duba rubutun yara, sai inuwa ta rufe taga. Na ɗaga kai na gan shi. Na fita na durƙusa na gaishe shi.

"Ina kwana, Yaya. Lahiya dai?"

"Lahiya lau." Ya dubi makewayin can nesa, ya dubi ƙasa. "Ki gaya ma ɗiyar wanki, na yi magana da liman da mai gari. In ta komo, ta ɗibi na masallaci."

Ya ce, "An auna na yara, su da ba su riƙe pompi ba. Mu da munka riƙe shi tun muna samari, a duba namu mu gani." Ya gyara riƙon sandarsa ya tafi, bai jira godiya ba.

Da aka tashi na kira ɗiyar wana a waya. Ta yi murna ƙwarai, amma ta ce aikin da ya kawo ta garinmu ya ƙare, an mayar da ita wani sashe, can gabas. Awon kuma ba abu ne da mutum ɗaya zai yi da kansa ba, sai an samu masu ɗaukar nauyin labo. Ta ce za ta nema. Na san tana nema, don duk kiran da muka yi sai ta faɗa mini ƙofar da ta ƙwanƙwasa.

Yanzu na ajiye aiki. Wan mijina ma ya daina sauka fadama, gwiwa ta hana shi, ƴaƴansa ke noman. Yana zama a dakalin ƙofar gidansa da hantsi, ni kuma hanyata ta zuwa kasuwa ta nan take. In na tsaya gaishe shi, bayan an tambayi gida da gajiya, sai ya ce, "Ta ce yaushe?" In ce wataƙila bayan girbi. Ya gyaɗa kai ya ce Allah shi kai mu. Ranar kasuwar da ta wuce ya ƙara da cewa in na ga mai goro fari in sayo masa, ja ya fara yi wa haƙoransa tauri.